Kafin Ka Jefar da Fulogin Nan



Akwai wata ƙara da duk wanda ya taɓa kwana a unguwar masu babura ya sani. Ana idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, sai ka jiyo daga zauren maƙwabci: kurrr, tsit. Kurrr, tsit. Magidanci ne yake ba babur kik, babur kuwa ya yi kunnen uwar shegu da shi. Yara biyu na tsaye da kayan makaranta, ko kuma an riga an ɗaure kwandon tumatir da ake so ya isa kasuwa kafin rana ta buɗe. Ya buga goma, ya buga ashirin, gumi ya keto masa duk da sanyin safiya. Daga nan sai ya laluba aljihu ya ce, "Kai, zo ka sayo mini fulogi."

A kan wannan aiken nake son mu tsaya yau. Sau da yawa fulogin da za a jefar ba shi da laifin komai. An bar jaki ne ana dukan taiki. Fulogi shi kaɗai ne abin da yake zaune a cikin ɗakin da wuta ke tashi wanda kake iya zaro shi da sifana ɗaya ka dube shi. Duk abin da ke faruwa a cikin inji yana rubuce a bakinsa. Wanda ya cire shi ya yar bai duba ba, ya kori shaidarsa da hannunsa.

Na san inda muka gaji wannan ɗabi'a, kuma ba a banza aka soma ta ba. A zamanin Vespa da Suzuki, har zuwa Jincheng ɗin nan da 'yan acaɓa suka yi yayi, injin yana ƙona baƙin mai tare da fetur. Shi ya sa suke fitar da hayaƙi shuɗi, shi ya sa kuma fulogi ke saurin daskarewa da maiƙo. A wancan lokaci wanda ya ce fulogi ne, galibi ya canka daidai. Amma Boxer da Haojue da TVS da sauran baburan da suka cika hanyoyinmu yanzu, baƙin mansu daban, feturinsu daban. In fulogi ya yi baƙi a irin wannan inji, ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ya baƙanta shi.

Injin nan ba sabon abu ba ne. Tun 1876 wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ya fito da tsarinsa, kuma har yau bai sauya ba: fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, tartsatsi ya kunna su ƙarfin fashewar ya tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Da yawa daga cikin baburan da ake kawo mana daga Sin an kwaikwayo su ne daga injin Honda CG125, wanda aka fitar a 1975 musamman don ƙasashen da hanya ba ta da kyau, gareji kuma yana da nisa. Ma'ana an ƙera shi ne don mai shi ya iya gane ciwonsa a gindin bishiya. Mai yake so gauraye da iska, da wuta a kan lokaci, da matsi. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikinsu ne ya ɓace, aikinka ka gano wanne.

Tukuna ma, kafin ka taɓa sifana, tambayi kanka yadda kuka rabu da shi jiya. Lafiya lau ka ajiye shi da daddare, da safe ya ƙi? Ko kuna cikin tafiya ya mutu? In a kan hanya ne, yaya ya mutu? Wanda ya riƙa shaƙewa yana fizga, ka murɗa totur ya ƙi amsawa, sannan ya lafa a hankali, wannan yunwar mai ce ta kashe shi. Wanda kuwa ya ɗauke ɗif lokaci guda kamar an hura fitila, nemi matsalarsa a wajen wuta. An wanke shi? Ruwan sama ya doke shi? A ina ka sha mai na ƙarshe? Ya yi wata nawa a jingine? Amsar waɗannan kaɗai tana rage rabin wahala.

Sai ƙananan abubuwan da mutum ke jin nauyin a ce su ne. Makulli a buɗe yake? Jan maɓallin nan na kashe inji da wasu babura ke da shi a hannun dama, yaro bai danna shi yana wasa ba? Makunnin ɓoye da ka sa aka ɗaura maka saboda ɓarayi fa, ka tuna da shi? Babur yana firi? A wasu sababbi, muddin jak ɗin gefe yana ƙasa babur kuma yana cikin giya, ba zai tashi ba ko za ka kwana kana bugawa. Idan kuma sitata kake dannawa kana jin ƙas-ƙas kawai, danna hon. In muryarsa ta dishe, batir ne ya yi sanyi, ko kuwa kan batirin ya yi farin gari yana hana wuta wucewa. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6 a ma'auni. A nan akwai abin da ya kamata kowa ya sani game da nasa babur: wasu, akwatin nan da ake kira CDI daga magineto yake samun wuta, don haka ko babu batir kik zai tayar da su. Wasu kuwa daga batir yake sha, in batir ya mutu ko fis ya ƙone, kik ba zai yi komai ba. Tambayi bakanikenka wane iri ne naka tun kafin ranar ta zo.

To, mu zo kan mai, domin nan ne na fi ganin mutanenmu suna shan wahala a 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan, mutane ƙalilan ne ke cika tanki. Rabin lita, lita ɗaya, a lallaɓa. Ba na ganin laifin kowa, aljihu ne ya yi hukunci. Amma tankin da kullum yake kusan wayam yana tara raɓa daga ciki, raɓa ta zama tsatsa, kuma mai tafiya kullum a kan rizab daga can ƙasan tanki yake zuƙa, inda duk wani datti da ruwa suke kwanciya. Ga kuma man kwalba da na jarka a bakin hanya, wanda ba ka san kwanansa nawa a buɗe ba. Ko na gidan mai ma ba a rantse masa: a watan Fabrairun 2022 hukumomi da kansu suka sanar cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, aka janye shi daga kasuwa, layuka suka dawo.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Girgiza babur ka ji motsin mai. Duba famfon da ke ƙarƙashin tanki, kada ya zama a rufe. Zare tiyon da ya shiga kabureta, ka buɗe famfo. Mai ya kamata ya zubo sosai, ba ɗis-ɗis ba. In yana ɗigowa da ƙyar, buɗe murfin tanki ka kasa kunne. Idan ka ji fuu, mai kuma ya ɓalle da gudu, to ɗan ramin numfashin da ke jikin murfin ne ya toshe, iska ba ta shiga ta maye gurbin man da ya fita. Allura ce maganinsa. Mutum nawa aka canja wa kabureta sukutum saboda wannan ɗan rami?

In mai yana isowa, nemi farar kwalba wadda ake ganin cikinta. A gindin kabureta akwai wani ɗan sukuru, sassauta shi ka tari abin da zai fito. Ajiye kwalbar minti ɗaya. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka in akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa kamar ƙwallon gilashi. Cokali ɗaya na ruwa a kofin da ke gindin kabureta ya isa ya hana ka zuwa kasuwa, domin daga ƙasa jet, ɗan bututun da ke zuƙo mai, yake tsotsa. Babur ɗin da aka jingine wata uku ko huɗu kuma, man da ke cikin kaburetarsa yana bushewa ya bar danƙo, danƙon ya toshe ƙaramin jet wanda raminsa bai fi tsinin allura ba. Alamarsa, sai an ja cok yake tashi, ana sakin cok ya mutu. Haka ma yake yi idan robar da ta haɗa kabureta da inji ta tsage tana satar iska. A wanke jet da fetur a hure shi. Don Allah kada a zura masa wayar burki, ramin zai faɗaɗa, babur ya koma shan mai har ranar da za a sayar da shi.

Rashin mai matsala ce, yawansa ma matsala ce, kuma wannan mu muke jawo ta da hannunmu. Da sanyin hunturu, irin safiyar Jos ko Funtuwa ko Zariya a watan Janairu, fetur ba ya saurin zama tururi, shi ya sa aka yi cok, ya rage iska don mai ya yi kauri. Ka ja cok, ka bar totur, ka buga. Amma me muke yi? A ja cok, a yi ta murɗa totur, a yi ta bugawa, har ɗakin wuta ya jiƙe sharkaf. Hancinka zai gaya maka, warin ɗanyen fetur zai cika zauren. In haka ta faru, mayar da cok, rufe famfon mai, murɗe totur har ƙarshe ka riƙe, ka buga kik bakwai ko takwas don iska ta share ɗakin. In kuwa ka ga mai yana tsiyaya ta siririn tiyon da ke ƙarƙashin kabureta, allurar da ke tsayar da mai in kofi ya cika ce ta maƙale. Ɗan ƙwanƙwasa kofin da ƙotar sukudireba yakan sake ta.

Yanzu ne lokacin zaro fulogi ya yi, kuma ka zaro shi ne don ka karanta. Bayan duk bugun da ka yi, in ka same shi a bushe ƙayau, mai bai iso ba, koma baya. In a jiƙe yake da fetur, mai ya iso, wuta ce ba ta kama ba, ko man ya yi yawa. Launin ƙasa-ƙasa, kamar ɓawon soyayyar gyaɗa, shi ne na inji mai lafiya. Fari fat kamar alli yana nufin mai ya yi kaɗan inji yana ɗaukar zafi, kuma wannan ya fi baƙin haɗari, don yana iya cin fistin. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai na haurowa ta ringi ko ta robar bawul. Baƙi busasshe kamar kunkunniyar tukunya kuwa, mai ne ya rinjayi iska.

Wannan na ƙarshen na taɓa gani da idona a wani gareji na bakin hanya. Wani saurayi ya turo Boxer yana haki ya ce, "Baba, fulogi uku ke nan na saya a sati ɗaya, jabu ne suka cika kasuwa." Dattijon ya karɓi fulogin, ya juya shi a tafin hannu, ya shafa baƙin da ɗan yatsa. Bai ce komai ba. Ya buɗe murfin gefe ya zaro soson da ke tace iska. Soson ya zama kamar tubali, ka ƙwanƙwasa shi ƙura ta tashi. Ya ce, "Ɗana, ina sauran biyun? Kawo su, duk lafiyarsu ƙalau. Mashin ɗinka numfashi yake nema."

Mutane ba su san yawan iskar da inji ke sha ba. Kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone sarai. In ka mayar da shi lissafin lita, lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000. Duk wannan ta cikin ɗan soson nan take bi, a ƙasar da ƙurar hunturu ke rufe rana tun daga Nuwamba har Fabrairu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga an cire soson gaba ɗaya an yar, wai babur ya fi gudu. Zai yi gudun, na 'yan watanni. Ƙurar da ke shiga tana cin ringi da silinda kamar samfefa, kuɗin soso ya koma kuɗin sauke inji. In matacin iskar na soso ne a wanke shi, a bari ya bushe, a shafa masa ɗan baƙin mai a matse. In na takarda ne, ba a wanke shi, kaɗe shi ake yi, in ya gaji a canja.

Gwajin wuta kowa ya taɓa ganin ana yi. A mayar da fulogi cikin hularsa, a jingina ƙarfen jikinsa da kan inji, a buɗe makulli a buga kik. Amma a kula da abu biyu. Wutar da ke tsallaka ɗan tsakanin nan, wanda bai kai milimita ɗaya ba, ta haura bolt 10,000, don haka kada ka riƙe ƙarfen da hannu. Sannan ka nisanta shi da ramin fulogi da duk inda fetur ya zube, musamman in a cikin zaure kake. An sha yin gobara ta wannan hanya. Tartsatsi shuɗi mai ƙara ƙyas-ƙyas shi ake nema. Ja ko rawaya mai laushi yana iya bayyana a fili, amma ya kasa tsallakawa idan matsi ya taru a cikin inji, don haka ganin wuta kawai bai wanke fulogi ba. A nan ne amfanin ajiye fulogi ɗaya da ka tabbatar da lafiyarsa yake. Ka sa shi, in wuta ta dawo shuɗiya, to yau kam fulogi ne, ka saya da hujja.

In shi ma bai ba da wuta ba, bi waya a hankali daga mai araha zuwa mai tsada. Hular fulogi tana tara ruwa bayan wanki ko ruwan sama, tana kuma tsagewa. Cire ta ka kusantar da bakin wayar da jikin inji ka gani. Daga nan sai koyil, sai mahaɗan wayoyi da ke ƙarƙashin tanki da kujera, waɗanda girgizar hanya ke sassautawa. A baburan da suka bi tsarin Honda akwai wata baƙar waya mai ratsin fari da ke zuwa makulli, ita ce ke kashe inji. In ta goge ta taɓa ƙarfen babur, wuta ta tafi ke nan alhali komai lafiya lau. CDI da magineto su ne na ƙarshe, kuma kafin ka biya kuɗin sabo, ka roƙi a ara daga wani babur irin naka a gwada. Bakanike nagari ba ya ƙin wannan.

Saura matsi, kuma ƙafarka ta san shi tun kafin kanka ya sani. Kik ɗin da ka saba ji yana turjewa, yau ya faɗa salalam kamar ka taka fanko, to ɗakin yana yoyo. Toshe ramin fulogi da babban yatsa, ka kashe makulli, wani ya buga maka. Inji mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi, ba ka iya riƙe shi. Kafin gabanka ya faɗi a kan kuɗin fistin da ringi, a fara duba bawul. Akwai ɗan sarari da ake bari a kansu, tsakanin 0.05 da 0.1 na milimita gwargwadon irin injin, wato bai fi kaurin takarda ba. Da tafiya ta yi tafiya sararin nan yakan rufe, bawul ya kasa zama daram, matsi ya riƙa sulalewa. Saitinsa aikin rabin awa ne, amma sai inji ya huce sarai, kuma da ma'auni ake yi, ba da ƙiyasin yatsa ba. In an saita bai gyaru ba, a zuba ɗan cokalin shayi na baƙin mai ta ramin fulogi a sake gwadawa. Idan matsi ya dawo na ɗan lokaci, ringi ne ya cinye, don man ne ya liƙe gibin. Sai a lokacin maganar buɗe inji ta halatta.

Wani lokaci mai yana nan, wuta shuɗiya, matsi kuma ƙalau, amma kik yana dukan ƙafarka yana dawowa, ko ka ji tau a salansa kamar an harba bindiga. Wutar tana zuwa, sai dai ba a kan lokaci ba. Ko ɗan ƙarfen da ke riƙe magineto a mazauninsa ya karye, ko kuma bawul ne ya saɓa lokaci don sarƙar tayamin ta tsallake haƙori. Wannan na gareji ne. Haka nan in babur ya daɗe a rumfa, leƙa bakin salansa, zanzaro yakan yi gininsa a ciki, kuma injin da ba ya fitar da hayaƙi ba zai iya zuƙar sabuwar iska ba.

Akwai hali ɗaya da nake roƙon kowa ya ɗaga ƙafarsa. In ka taka kik ka ji shi ƙam, ko motsi ba ya yi, kada ka hau shi da nauyinka, kada kuma ka tara yara su tura ka a giya ta biyu. Zaro sandar auna baƙin mai tukuna. Injin waɗannan babura kusan lita ɗaya kacal yake ɗauka, in ta ƙone fistin yana kamewa a jikin silinda. In kuwa ka ratsa kwari ne da damina ruwa ya kai kujera, wataƙila ruwa ne ya cika ɗakin wuta, kuma ruwa ba ya matsuwa. Ka tilasta shi, sandar fistin ta lanƙwashe. Cire fulogi, ka buga a hankali ruwan ya feso waje, ka zubar da na kabureta, ka matse soson iska. Duba baƙin man, in ya koma launin shayi mai madara to ruwa ya shiga, a juye shi a zuba sabo kafin a yi tunanin tayar da inji.

Ku kuma 'yan'uwana masu gareji, na san yadda sana'ar take. Mai babur yana tsaye a kanka yana duba agogo, kuma ya fi yarda ya biya kuɗin sabon kaya da ya biya ladan bincike. Wannan kuskurenmu ne mu masu hawa, kuma mu ne muka koya wa wasu yaran gareji canje-canje. Wanda ya ɓata minti ashirin ya gano cewa ramin murfin tanki ne ya toshe, ya tsirar maka da kuɗin kabureta, ya cancanci a sallame shi da kyau ko da bai ɗaura maka ko noti ɗaya ba. In ka je gareji, kada ka tsaya a "Oga, ya ƙi tashi." Ce masa, "Jiya na sha mai a kwalba, na yi tafiya kaɗan ya fara shaƙewa, da safe na zaro fulogi na same shi a bushe." In kuma an canja maka wani abu, karɓi tsohon ka sa a ƙarƙashin kujera tare da sifanar fulogi da 'yar farar kwalbar nan.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa.